ALHAKIN KUSKUREN SABON MALAMIN GONA YANA WUYAN WA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai kawo damina a lokacinta, wanda ya ajiye abincin bayinsa a cikin ƙasa, ya kuma sanya ilmi ya zama amana a wuyan wanda ya ba shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tambayar da ke gaban wannan fili a wannan mako ana iya ɗaukarta maganar ofis, wadda ta shafi ma'aikata da shugabanninsu kaɗai. Amma wanda ya dube ta da kyau zai ga ta taɓa rumbun talaka, abin da ya taɓa rumbun talaka kuwa addini bai ƙyale shi ba. Tambayar ita ce: idan jami'a ko wata hukuma ta ɗauki saurayi wanda ya gama karatu, ta aike shi ƙauye domin ya koyar da manoma, ba tare da ta haɗa shi da tsohon hannu wanda zai nuna masa hanya ba, sa'an nan ya ba da shawarar da ta jawo hasara, alhakin wannan hasara yana wuyan wa?

Misali Daga Ƙasar Rogo

Ƙasar Rogo tana kudu maso yammacin Jihar Kano, maƙwabciyar Ƙaraye, ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna, har ma Zariya ta fi birnin Kano kusa da ita. Ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. A tudu ana noma dawa da gero da masara, ana cusa gyaɗa da wake a tsakaninsu, a fadama kuma ga rake da tumatir da barkono.

To, a ƙaddara an aiko wani saurayi wannan ƙasa a farkon damina, da takardar shaidarsa da babur da kyakkyawar niyya. Ya shiga wani ƙauye wajen Zarewa ko Fulatan, wani magidanci ya tare shi ya ce ciyawa ta fi ƙarfinsa a gonar masara, ga shi kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada. Saurayin ya tuna abin da ya karanta, ya faɗa masa sunan maganin feshi irin wanda ke kashe ciyawa ya bar masara, ya kuma faɗa masa awon da zai zuba. Duk abin da ya faɗa daidai ne a littafi. Abin da bai tambaya ba shi ne, ko masara kaɗai ce a gonar. Shi kuwa manomin bai ga dalilin faɗa ba, domin a wurinsa kowa ya san ba a barin tsakanin kunyoyi fayau. Aka yi feshi, ciyawa ta mutu, masara ta tsaya, wake da gyaɗa suka bi ciyawa.

Wanda ba manomi ba zai ce ai hasarar kaɗan ce tun da masara ta tsira. Amma waken nan shi ne kuɗin tufafin yara da cefanen kaka, harawarsa kuma ita ce abincin tumaki da rani. Ɗan kasuwa idan ya faɗi yau yana iya mayarwa ranar kasuwa mai zuwa. Manomin tudu damina ɗaya gare shi a shekara, in ta wuce sai baɗi. Ga kuma wata hasarar wadda ba a aunawa da mudu: daga ranar nan duk ƙauyen ya daina sauraron malamin gona, ko da wanda zai zo bayansa ya kawo gaskiya tsantsa.

A can ofis kuwa akwai wani dattijo wanda ya shekara ashirin yana wannan aiki, wanda da an tafi da shi, tambayar farko da zai yi ita ce me da me aka shuka. Yana zaune lokacin da saurayin ya tayar da babur, bai ce masa komai ba, domin ba wanda ya ce masa ya ce.

Asalin Wannan Aiki

Aikin malamin gona ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun shekarar 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, kuma da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai tashar ta koma ƙarƙashinta. An daɗe da lura cewa abin da aka gano a gonar gwaji ba ya zuwa ƙauye da ƙafarsa, sai an sami mai kai shi. Saboda haka a 1963 aka buɗe wani sashe domin ya zama tsani tsakanin masu bincike da malaman gona. Sashen ya tsaya da ƙafarsa a cikin jami'ar a 1975, sa'an nan a 1987 aka ɗora masa nauyin ƙasa baki ɗaya, shi ne ake kira NAERLS. Wannan al'ada ta jami'a ta fita daga harabarta ta je wa manomi ta yi ƙarfi ƙwarai a Amurka, inda wata doka ta 1914 ta ɗora wa jami'o'in noma na jihohi wannan aiki.

A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, kuma a wannan zamani ne masara, wadda a da amfanin bayan gida ce ana gasa ta ɗanya, ta zama amfanin gona babba a wannan shiyya, saboda sabon iri da takin zamani da malaman gona suka yaɗa. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa tata hukumar, watau KNARDA. Irin waɗannan hukumomi sun bi wani tsari da ake kira horo da ziyara: kowane mako biyu a tara malaman gona a koya musu abin da ya dace da wannan lokaci na damina, kowane malami yana da ranakun zuwa ƙauyukansa, kuma a kan 'yan malamai kaɗan akwai mai duba su wanda ke bin su gona. Tsarin yana da nasa aibi, domin yana da tsada, kuma saƙo ya fi gangarowa daga sama fiye da hawa daga ƙasa. Amma yana da wani alheri guda: sabon ma'aikaci ba ya daɗewa bai haɗu da na gaba da shi ba. Da kuɗin Bankin Duniya ya janye a shekarun 1990, tsarin ya yi rauni a jihohi da yawa, ɗaukar ma'aikata ya ragu, tsofaffin hannu suka yi ta yin ritaya da abin da ke kansu, har ya zama malami ɗaya ke duba dubban manoma. Jami'o'i irin su ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, da ƙungiyoyi irin su Sasakawa wadda ta fara aiki a Nijeriya a 1992, suna tura matasa ƙauyuka. Saboda haka tambayar wa zai riƙe hannun sabon shiga ta fi da nauyi.

Rabon Saurayin

Ba shakka saurayin yana da nasa rabon alhaki. Shari'a ba ta sassauta wa mai magana ba da sani ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, sa'an nan wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga yana da shi ba. Ya yi wanka ya rasu. Da labari ya iske Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya zarge su zargi mai tsanani, ya ɗora musu mutuwarsa, ya nuna cewa tun da ba su sani ba kamata ya yi su tambaya. Malaman fiƙihu kuma sun yi bayani cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da shi ba, in ya ɓata, zai biya. An kuma san Imamu Malik, duk da girmansa a Madina, da yawan cewa bai sani ba, har mutum ya zo daga nesa da tambayoyi masu yawa ya koma da amsar kaɗan daga cikinsu.

Amma a nan akwai wani abu mai zurfi wanda ya kamata a tsaya a kansa. Malamai sun kasa jahilci kashi biyu. Akwai wanda bai sani ba, kuma ya san bai sani ba. Wannan maganinsa yana hannunsa, sai ya tashi ya tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Akwai kuma wanda bai sani ba, bai kuma san bai sani ba. Saurayin nan na kashi na biyu ne. Bai ƙi tambaya don girman kai ba, shi dai bai san akwai tambayar ba. A gonar gwaji inda ya koyi aiki, masara ita kaɗai take tsaye a jere, ba ta da maƙwabci. Yaya mutum zai nemi abin da bai san ya ɓace masa ba? Irin wannan jahilci mai shi ba ya iya warkar da kansa, dole sai wani daga waje ya taɓa shi ya ce, duba nan. Idan kuwa maganin yana hannun wani, to wani ɓangare na alhakin ya koma wuyan mai riƙe da maganin.

Rabon Na Gaba

Dattijon ofis yana iya kawo hanzari uku, kuma kowanne yana da kamar gaskiya.

Na farko zai ce ba a tambaye shi ba. Gargaɗin da ya zo a hadisi game da ɓoye ilmi, inda aka yi wa mai ɓoyewa alkawarin linzamin wuta, ya ambaci wanda aka tambaya ne. Amma nasiha ba ta jiran tambaya. Wanda ya ga makaho ya nufi rijiya bai isa ya ce ai bai kira ni ba. Kuma malamai irin su Imamu Gazali sun lissafa noma da saƙa da sauran sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan da idan wasu suka yi an ɗauke wa saura. Ƙa'ida kuwa ita ce, irin wannan farilla idan babu mai iya ta a wuri sai mutum ɗaya, to ta zama tasa shi kaɗai. Idan a ofishin nan dattijon ne kaɗai ya san halin gonakin Rogo, koyar da saurayin ya tashi daga kyauta ya zama bashi.

Na biyu zai ce shi ma ba wanda ya koya masa, da faɗuwa da tashi ya iya. In ya yi tunani zai ga wannan magana hujja ce a kansa. Faɗuwar da ya yi a gonar wa ya yi ta? Kowane darasi da ke kansa wani manomi ne ya biya kuɗinsa da amfanin gonarsa shekaru da suka wuce. Ilmin nan an riga an saye shi da hasarar talakawa, saboda haka ba daidai ba ne a bar wasu talakawan su sake biyan kuɗin abin da aka riga aka biya.

Na uku shi ne wanda ba a faɗa da baki. Saurayin yana da digiri, dattijon kuwa wataƙila takardar makarantar koyon aikin gona gare shi. Yana gani cewa ba da daɗewa ba yaron zai hau kansa, abin da kawai ya fi shi da shi shi ne sanin ƙasa da mutane, in ya ba da wannan me ya rage masa? Wannan tsoro na ɗan Adam ne, kuma sau da yawa rashin adalcin ma'aikata ne ya haife shi. Amma rowar ilmi ba ta taɓa tsare wa kowa muƙami ba. Ranar ritaya tana zuwa ko an koyar ko ba a koyar ba. Bambancin kawai shi ne, wanda ya koyar ya bar abin da ladansa ke bin sa har kabari, domin ilmi mai amfani yana cikin ayyukan da ba su yankewa da mutuwa, wanda ya ɓoye kuwa an binne shi da abinsa.

Rabon Wanda Ya Yi Aike

Sai dai zalunci ne a tsaya a kan dattijon a manta da hukumar da ta ɗauki su biyun. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin bayin Haɗibu waɗanda suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar ya lura cewa ubangidansu yana barinsu da yunwa, sai ya juya kansa, ya sa shi ya biya ninkin kuɗin taguwar, dirhami 800 maimakon 400. Abin lura shi ne Umar bai tsaya ga hannun da ya aikata ba, ya nemi wanda ya shirya halin da ya kai ga aikatawa.

Hukumar da ta ba sabon ma'aikaci takardar kama aiki yau, ta tura shi ƙauye gobe, ba ta ware wa kowa lokaci ko man babur domin ya raka shi ba, ita ta shirya kuskurensa. A jami'o'i an fi auna ƙarin girma da yawan takardun bincike da mutum ya buga, wanda ya ɓata damina guda yana yawo da sabon shiga a gonakin mutane kuwa da wuya a ga wannan a fayil ɗinsa. Duk abin da shugabanni ba su auna ba, ma'aikata za su ɗauka ba shi da daraja.

A duba yadda Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya yi aike. Sa'ad da zai tura Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ba saƙo kaɗai ya danƙa masa ba. An ruwaito ya fita rakiyarsa, Mu'azu yana bisa abin hawa shi yana tafiya a ƙasa yana yi masa wasiyya. Ya fara da gaya masa irin mutanen da zai tarar, cewa ma'abota littafi ne. Ya tsara masa abin da zai fara da shi da abin da zai biyo baya, kada ya zuba musu kome a lokaci ɗaya. Ya hana shi zaɓen mafi kyawun dukiyarsu wajen karɓar zakka, ya tsoratar da shi addu'ar wanda aka zalunta. Mu'azu kuwa yana cikin mafi sanin halal da haram a sahabbai. Idan mai irin wannan ilmi ya bukaci a gaya masa halin mutanen da zai je wa, ina ga ɗan shekara ashirin da biyar da ya fito daga aji?

Haka kuma Mus'abu ɗan Umair, wanda aka aika Madina kafin hijira domin ya karantar, ya sauka ne a wurin As'adu ɗan Zurara, mutumin garin, wanda ya riƙa zagawa da shi unguwanni yana nuna masa waɗanda in sun karɓa jama'arsu za su bi. Da ɗan gari akan ci gari. A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta shirya mata masu kai karatu ƙauyuka, waɗanda ake kira jajis na 'Yan Taru. Ba ta naɗa mace jaji ta sa mata malfa sai wadda ta zauna a gabanta ta koya, kuma sukan dawo wurinta da ayarin ɗalibansu, su kawo tambayoyi su koma da amsa. Igiyar da ke tsakanin mai aike da ɗan aike ba ta yankewa.

Iyakar Biyayya Ga Na Gaba

Wani zai ce, to ai ba kowane tsohon hannu ne abin koyi ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne haɗarin da ke cikin al'amarin. Hanyar da kyakkyawan hali ke bi ya gangaro ita mugun hali ke bi. Akwai tsohon ma'aikacin da abin da zai koya wa yaro shi ne yadda ake cika rahoton ziyara a gindin bishiya ba a je ko'ina ba, da yadda ake karkatar da buhun taki, da yadda ake karɓar ɗan alheri daga mai sayar da magani domin a riƙa ambaton kayansa ga manoma. Game da na ƙarshen nan labarin Ibnul Lutbiyya ya isa. An aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka yi masa, Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa. Saboda haka zaɓen wanda za a danƙa wa sabon shiga ya fi danƙawar kanta muhimmanci. Yawan shekaru a aiki bai isa ba, sai an duba wanda manoma ke murna da ganinsa. An ce mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a, ta umurce shi ya fara ɗaukar ladabinsa kafin ilminsa, domin ta san hali ya fi karatu saurin kama yaro. Shi kuma sabon shiga ya sani girmama na gaba wajibi ne, amma ba a biyayya ga kowa cikin saɓon Allah.

Har ila yau, ba kullum ne babba ya fi yaro sani ba. A 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa mai cin masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta bazu cikin Afirka da sauri. Ranar da ta iso, shekara talatin na aiki ba su gaya wa kowa yadda za a yi da ita ba, sau da yawa matasa masu bin sababbin rahotanni su suka fara gane ta. Sayyidina Umar yakan zaunar da Abdullahi ɗan Abbas, yana matashi, tare da dattawan Badar, ya nemi ra'ayinsa a gabansu. Dattijon da ya san darajar kansa ba ya jin kunyar cewa yaro, wannan kai za ka koya mini.

Malami Na Uku

Akwai kuma wani malami wanda ba ya cikin takardar albashi, shi ne manomin kansa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya tarar da mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, watau suna ɗaukar furen namiji suna sa wa mace, ya nuna a ganinsa ko ba a yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabino bai yi albarka ba a shekarar. Da aka gaya masa, sai ya bayyana musu cewa wannan zato ne ya yi, ba umurnin addini ba, kuma su suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Wanda wahayi ke sauka gare shi ya tabbatar wa manoma da saninsu a kan gonarsu, kuma bai ɓoye cewa zatonsa bai dace ba.

Binciken zamani ya zo ya tarar da wannan darasi. Shekaru da yawa ana ganin haɗa amfani iri iri a gona ɗaya alamar ci baya ce, ana kiran manoma su shuka abu ɗaya a jere. Sai wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa a Samaru, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1970, suka zauna da manoman ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa a ƙasar Zazzau suna auna aikinsu. Suka tarar haɗin nan yana da hikima: yakan ba da riba mafi yawa daga fili ɗaya, kuma in wani amfani ya ƙi wani ya karɓa. Haka nan an daɗe ana zargin manoma da jinkirin shuka auduga, alhali dalilinsu shi ne a farkon damina hannu bai isa ba, kuma mai hankali yana fara tsare abincin gidansa kafin amfanin sayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babban abin da tsohon hannu zai koya wa sabo shi ne yadda ake zama a gaban irin wannan malami a yi shiru a saurara.

Yadda Ya Kamata A Yi

Abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Kada a bar sabon ma'aikaci ya ba da shawara shi kaɗai sai ya yi damina guda cur tare da wanda aka zaɓa masa, tun daga sharar gona da shuka, da noman firi da maimai da huɗa, har girbi da zuba amfani a rumbu, domin kowane mataki yana da nasa tarko. Na gaba ya fara kai shi gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa da liman da sarkin noma, ya nuna masa yadda ake shiga gari ta ƙofa. Da farko babba ya yi magana yaro ya saurara, daga baya yaro ya yi magana babba yana gefe. In ya yi kuskure a gyara masa a hanyar komawa, ba a gaban manoma ba, domin wanda aka kunyata a bainar jama'a ya daina tambaya. A koya masa cewa faɗin ban sani ba, zan tambayo, ba ya rage masa daraja, sai dai in ya yi alkawarin dawowa ya dawo. Duk sabon abu a fara gwada shi a 'yan kunyoyi kaɗan, kada a sa gonar mutum duka a caca. Mata ma'aikata, waɗanda su ke iya shiga gidaje su gana da matan da ke sarrafa amfanin gona da kiwo, su ma a haɗa su da na gaba da su. Hukuma kuma ta rubuta wannan aiki a cikin ayyukan da ake yabawa, ta ba shi lokaci da guzuri.

Amsar Tambaya

To, alhakin waken da ya mutu yana wuyan wa? Yana wuyan su uku, amma ba daidai wa daida ba. Saurayin yana da rabon gaggawa, domin ya ba da magani bai je ya ga gonar ba. Dattijon rabonsa ya fi, domin ya ga ramin ya yi shiru. Hukuma ita ke da kaso mafi girma, domin ita ke da ikon haɗa su ba ta haɗa ba, kuma gwargwadon iko gwargwadon tambaya ranar gobe. Wanda ba shi da laifi ko kaɗan shi ne manomin, shi ne kuma kaɗai ya biya.

Haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Abin da ya dace shi ne dattijon ya hau bayan babur ɗin saurayin, su koma ƙauyen tare, su sami magidancin a gaban mai unguwa su ce kuskure namu ne, su nemi afuwarsa, hukuma kuma ta rage masa hasara da iri ko da taki. Manomi ya san damina takan ƙi, ya san ɗan Adam ajizi ne, abin da ba ya mantawa shi ne wanda ya ɓata masa gona ya ɓace. A wannan tafiya ta komawa saurayin zai koyi abin da ba a koya masa a aji ba, wata rana kuma shi ma za a kawo masa wani yaro da takarda a hannu.

Allah ya ba shugabanni ikon tsare amana, ya sa wa manoma albarka a gonakinsu, ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.